Wa Ya Ba Ka Izini? Tsoron Mai Ɗaukar Hoto a Arewacin Zamfara

A Kaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ciro waya daga aljihu a ɗaga ta sama daidai fuska ya zama aikin da mutum zai yi tunani sau biyu kafin ya yi shi. A tashar mota, a bakin kasuwar Alhamis ta Shinkafi, a ƙofar asibiti, ballantana a shingen bincike na kan hanyar Kaura zuwa Zurmi, kafin mai waya ya danna wani ya riga ya dafa kafaɗarsa. In soja ne ko ɗan sanda, tambayar gajeriya ce: wa ya ba ka izini? In askari ne, wato ɗaya daga cikin Askarawan Zamfara da gwamnatin jihar ta kafa, ko ɗan banga, zai so ya ji daga ina kake, gidan wa ka sauka. In kuwa dattijon unguwa ne, da sauƙin murya zai ce, yaro, mi kaka ɗauka? Amma dukkansu abu guda ke ransu, kalmar nan da ta shiga bakin kowa a Zamfara cikin shekarun nan, wato infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. Ra'ayina a nan shi ne wannan tsoro yana da tushe, sai dai an ɗora shi inda bai dace ba. Mai kaki da bindiga, wanda doka da maslahar jama'a suka fi buƙatar a riƙa ganin aikinsa, shi ne ya fi hana a ɗauke shi. Mai rauni kuwa, wadda ta gudo daga ƙauye da ɗa a goye, ita ake ɗauka ba sallama ba tambaya.

Ba za a yi wa mutanen yankin adalci ba in aka ce duhun kai ne ya sa suke ƙyamar mai hoto. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ƙasar Zurmi ta jingina da dajin Dumburum, ta yi iyaka da Jibiya da Jamhuriyar Nijar; Shinkafi kuwa nan ne jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya kafa sansaninsa a wajen Fakai, yana aza wa garuruwa irin su Moriki harajin miliyoyin naira. Kowa ya ji labarin yadda ake shiga gari tsakar dare a wuce gida goma a tsaya daidai ƙofar wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa. Ba duba aka yi ba, wani ne ya kai labari. Saboda haka dokar yaƙi da 'yan bindiga da Gwamna Bello Matawalle ya sa wa hannu a watan Yunin 2022 ta haɗa har da masu taimaka musu cikin waɗanda za su sha hukunci mai tsanani, jama'a kuma suka yi na'am. A irin wannan yanayi, baƙon fuska da ya nufi ƙofar wani attajiri da waya, ko ya tsaya yana ɗaukar inda sojoji suka girke motarsu, dole hankali ya tashi.

To amma a tsaya a tambaya, shin infoma da hoto yake aiki? Duk abin da aka sani game da wannan ta'asa yana nuna akasin haka. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Mohammed Abubakar, bai ɗora alhakin a kan baƙi masu yawo da kyamara ba. Sarakuna biyar da hakimai 33 ya ambata da zargin hannu a lamarin, tare da wasu jami'an tsaro. A watan Afrilun 2022 gwamnati ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa irin wannan zargi. Ko me mutum zai ce game da sahihancin kowane zargi ɗaya ɗaya, darasin a fili yake: da ɗan gari akan ci gari. Mai kai labari maƙwabci ne, ko mai kai burodi da fetur daji, ko yaron gida da aka saya da kuɗi kaɗan. Ya san gidan tun yana yaro, ya san ranar da maigida ke dawowa, ya san inda askarawa ke kwana. Kira ɗaya ya ishe shi, a cikin ɗakinsa, ba wanda ya gani. Ba shi ne zai tsaya tsakiyar rana a bainar jama'a yana gyara tsayuwa don hoto ya fito da kyau ba. Tituna da gine-gine kuwa, duk mai wayar zamani yana iya kallon hotonsu daga sama a manhajar Google ba tare da ya taka garin ba. Idan aka kama ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda yana ɗaukar tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda layin dogo daga Zariya ya iso tun 1929, aka ƙwace wayarsa, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Doka ma ba ta tare da mai ƙwace waya, ko da yake mutane da yawa, har da masu kakin, suna zaton tana tare da shi. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin samun bayani da isar da shi, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen labarai nauyin bin diddigin gwamnati. Babu wata doka ta ƙasa da ta ce sai da takardar izini za a ɗauki hoton titi, ko kasuwa, ko gada, ko ginin sakatariya daga waje. Inda aka gitta iyaka shi ne Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda ta haramta ɗaukar hoto ko zana taswirar wuraren tsaro da aka keɓe, kuma ko a nan ta ɗaure laifin da niyyar cutar da tsaron ƙasa. Barikin soja da ma'ajiyar makamai suna cikin wannan, ba gardama. Ɗan sanda da ke karɓar na goro a bakin titi ba ya ciki. Rundunar 'yan sandan da kanta ta faɗi haka: a watan Disamban 2023 kakakinta na lokacin, Olumuyiwa Adejobi, ya bayyana cewa ba laifi ba ne ɗaukar hoto ko bidiyon ɗan sanda a bakin aiki, tun kafin nan kuma, a Oktoban 2020, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana jami'ansa binciken wayoyin mutane barkatai. Matsalar ita ce maganar da aka yi a Abuja takan gaji kafin ta kai Gusau, ballantana shingen da ke bayan Kaura.

Umarnin nan da aka fi ji, goge shi yanzu a gabana, shi ya fi kowanne rashin ma'ana in aka auna shi. Idan hoton laifi ne, to shaida ce, kuma jami'in da ya sa aka goge ta ya ɓata hujjar da kotu za ta nema. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya kai mai wayar ofis, a rubuta, a bincika. Idan kuwa ba laifi ba ne, da wane hurumi za a goge? Maigadin banki ko na makaranta ko na asibiti yana da tasa gaskiyar: cikin harabar da aka ba shi amana, masu wurin na iya kafa ƙa'idar ba a hoto, shi kuma yana iya cewa Malam, a daina, ko a fita. Iyakar ikonsa ke nan. Ba shi da ikon karɓe waya, ba shi da ikon leƙa saƙonnin cikinta, kuma ikonsa ya ƙare a bakin ƙofa. Sau da yawa ma ba tsaro ke damunsa ba, tsoron manaja ne, kada gobe a ga hoton layin mutane ko rufin da ke yoyo a Facebook a ce yana ina aka ɗauka. Ana iya tausaya masa, albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma kunyar hukuma daban, sirrin tsaro daban, kuma yawancin abin da ake ɓoyewa da sunan na biyu na farkon ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda wannan tsangwama ta bar wa fili. 'Yan bindiga ba su neman izinin kowa. A ƙarshen watan Agustan 2024, lokacin da motocin sulke biyu na sojoji suka maƙale a taɓo a Kwashabawa cikin ƙaramar hukumar Zurmi, yaran Turji ne suka ɗauki bidiyon, suna murna suna hawa kan motocin, duniya ta gani kafin hedikwatar tsaro ta fito ta yi bayanin cewa sojoji sun kwance abubuwan amfani kafin su bar su. Turji kansa ya sha fitar da jawabi ta bidiyo, wasu ƙananan 'yan daji kuma sun yi ta nuna damin kuɗin fansa a TikTok. Ita kuwa hukuma, duk lokacin da abin ya dame ta, ido take rufe wa. A ranar 3 ga Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka ce na mako biyu ne, wasu ƙananan hukumomi suka haura wata biyu ba sadarwa. Mutumin ƙauye ya rasa hanyar kiran agaji, alhali rahotanni na cewa na kusa da iyaka cikin 'yan bindigar suna kama layin Nijar. A Yulin 2022 sashen binciken BBC ya fitar da shirin da Yusuf Anka ya yi kan jagororin 'yan bindigar Zamfara, Trust TV ma ta yi nata kafin nan, sai hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV da kamfanoni uku masu rarraba tashoshi naira miliyan biyar kowanne, da hujjar cewa an ɗaukaka ta'addanci. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar a Janairun 2024, amma saƙon ya riga ya isa ga duk wani ƙaramin ma'aikaci: mai nuna abin da ke faruwa shi ne matsala. Sojan da ke shinge bai ƙirƙiro wannan tunani ba, daga sama ya gan shi.

Gani ya kori ji, kuma a yankin da 'yan jarida ba su iya shiga sai da rakiya, wayar ɗan ƙauye ita ce kaɗai idon da ya rage. A watan Janairun 2025 jirgin yaƙi ya jefa bam a Tungar Kara, tsakanin Zurmi da Maradun, ya faɗa kan askarawa da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi, mutum fiye da goma suka rasu. Bayanin farko na hukuma nasara a kan 'yan bindiga ya ambata. Daga bakin mutanen yankin ne labarin ya fito har gwamnatin jihar ta yi ta'aziyya, rundunar sojin sama kuma ta ce za ta bincika. A irin wannan rana, duk ɗan abin da waya ta riƙe, ramin bam ne ko jerin gawarwaki kafin jana'iza, shi ne ke tsakanin iyalan mamatan da a ce musu ba abin da ya faru. A lura kuma, waɗanda aka kashe ɗin masu tsaro ne. Askarin da ya ƙwace wayar wani jiya, wata irinta ce za ta tsaya masa shaida in abin ya faɗo kansa. A wasu wurare an ga ƙarfin wannan shaida: bidiyon da aka ɗauka a Ughelli ta jihar Delta shi ya kunna wutar zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, a Amurka kuma bidiyon wata budurwa mai shekara 17 ya taimaka wajen ɗaure ɗan sandan da ya kashe George Floyd.

Akwai ƙorafi guda da ba zan iya kawar da shi da hannu ɗaya ba, domin gaskiya ne. Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024, su fiye da 2,600, ba kamar soja suke ba. Soja daga wata jiha aka kawo shi, in an sauya masa wurin aiki ya tafi. Askari ɗan garin ne, gonarsa na bayan gari, matarsa na zuwa rafi, mahaifinsa na zuwa kasuwar da 'yan daji ke aiko 'yan saƙo. Fuskarsa a bidiyon da ya zagaya WhatsApp na iya zama takardar kisa, gare shi ko ga ƙaninsa. Haka nan wanda ya ɗauki jerin gwanon sojoji suna fita farmaki ya saka a intanet nan take, ko da da niyyar yabo ne, ya yi wa 'yan bindiga aikin infoma kyauta. Duk wannan na yarda da shi. Amma a duba da kyau, cutarwar a wajen yaɗawa take, da lokacin yaɗawar, ba a wajen ɗauka ba. Hoton da ya kwana a waya har aka gama farmaki bai kashe kowa ba. Fuska ana iya dusashe ta da yatsa ɗaya a kowace wayar zamani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba ma shi ne waya kan liƙa wa hoto bayanin rana da sa'a, har da daidai wurin da aka tsaya in an bar manunin wuri a kunne. WhatsApp yakan share wannan in an tura hoton a matsayin hoto, amma in an tura shi a matsayin takarda bayanin na tafiya tare da shi. Koya wa matasan Shinkafi wannan ya fi amfani ga ran askari fiye da marin da ake yi musu a shinge, domin wanda aka mara bai koyi komai ba sai ɗauka a ɓoye.

Taron jama'a ya fi mai kaki haɗari, wannan kuwa duk wanda ya san kasuwannin yankin ya sani. Soja zai tsare ka, wataƙila ya sa ka tsallen kwaɗo, ya sake ka. Amma in wani ya ɗaga murya a tsakiyar kasuwa ya ce ga infoma, ba mai sauraren bayani, kuma ba kowa ne ke fuskantar wannan daidai da kowa ba. Ɗan boko mai katin aiki a wuya zai sha da magana. Saurayin Bafulatani da ya shigo sayar da akuya, ya tsaya ɗaukar hoton kansa da sabuwar hula don ya tura wa budurwarsa, shi ne zai iya rasa ransa a kan abin da kowane saurayi ke yi. Kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wannan wuta tun farko, kuma su kansu 'yan bindigar da shi suke kafa hujja. Duk al'adar da ta mayar da waya a hannu dalilin zargi, ta ƙara wa masu neman dalili wani dalili ne.

Yanzu a juya ɗaya gefen, inda babu mai tambayar izini. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa. Bayan kowane yaro akwai uwa zaune a kan tabarma ko gadon asibiti, kuma ita ce aka fi ɗauka hoto a duk arewacin Zamfara. Ɗan siyasa ya kawo buhun gero, sai an jera mata sun riƙe a gaban kyamara kafin a ba su. Mai neman mabiya a intanet ya shiga makarantar firamaren da 'yan gudun hijira suka fake, ya zagaya da waya yana magana a kansu kamar ba su ji. Waɗanda aka sako daga daji, kamar 'yan Banga ta ƙasar Kaura Namoda da suka dawo a Yulin 2025 bayan an kashe fiye da talatin cikin 'yan uwansu duk da an biya fansa, sukan iso a rame, da tufafin da aka sace su da su, abin da ke fara tarbarsu kuwa wayoyi ne. Mace da ta yi watanni a hannun ɓarayi, kowa ya san abin da za a riƙa raɗawa a kanta; hotonta da sunan ƙauyenta a Facebook na iya bin ta har ranar da za a zo neman auren 'yarta. Ga kuma haɗarin da ake ta faɗa game da askari, ita ma yana kanta: ɓarayin da suka sake ta suna kallon abin da ta ce. Sai dai ita ba ta da bindiga, ba ta da kaki, kuma mai buhun gero ba a ce masa a'a.

Doka ba ta yi mata katanga mai tsayi ba. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin mutum da gidansa, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma wace 'yar gudun hijira ce za ta ɗauki lauya? Abin da zai kare ta yana cikin tarbiyyar da muka gada. Bahaushe ya rubuta "ba a shiga" a bangon zaure tun kafin a san kyamara, ya kuma san cewa sallama ba gaisuwa ce kawai ba, neman izini ce, kuma in ba a amsa ba juyawa ake yi. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, rayuwa kuma ta riga ta wuce da mafi yawan gardamar, tunda ba mai zuwa Makka ko jefa ƙuri'a ko buɗe asusun banki sai da hotonsa. Amma ban san malamin da ya halatta tona asirin mabuƙaci ba. Matar da aka kora daga gidanta ba ta rasa zaurenta don ta yarda a gan ta ba. Inda ta shimfiɗa tabarma a ajin firamare nan ne cikin gidanta yanzu, kuma mai waya baƙo ne a ƙofa.

Za a ce in sai an tambayi kowa, ai ba za a taɓa nuna wa duniya yunwar Zurmi ba, kuma hotunan nan ne ke jawo agaji. Rabin maganar gaskiya ne. Hoton taron kasuwa, ko hawan sallah, ko layin masu jiran awo daga nesa, ba ya buƙatar bin mutane ɗaya ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa neman haka. Amma idan fuska guda ce za ta cika hoton, tambayar ba ta cin minti ɗaya: Inna, zan ɗauke ki, za a gani a waya har Legas, kin yarda? Da yawa za su yarda, don suna so a san halin da suke ciki. Wasu za su ce a ɗauki yaron ban da ni. Wasu za su ja mayafi su juya baya, wannan ma amsa ce. Hannun yaro da ma'aunin tamowa ya nuna ja a damtsensa ya isa ya faɗi abin da ake son faɗa ba tare da fuskar uwarsa ba. Masu zuwa aiki yankin sun saba fara kai gaisuwa fadar sarki ko gidan mai unguwa, a haɗa su da ɗan rakiya, kuma dabara ce mai kyau, tana kashe zargin infoma tun kafin ya taso. Sai dai mai unguwa izinin shiga unguwa ya bayar. Na matar da ke zaune a kan tabarma yana bakinta, kuma ɗan rakiyar da ya ce ɗauki kawai, ba komai, ba shi aka ɗauka ba.